Ranar da Na Goge Faya-fayan Gem da Yashi

Na'urar gem ɗin, ta wasan talabijin, da na sayo a tsallaken iyakar Binin tana da mugun hali: duk faifan da ta juya sai ta yi masa zane. Ranar nan faifan ƙwallo ya tsaya cik, ga masu wasa cike da shagona a Bagudo.

Abokina Sani mai gyaran rediyo ya ce, "Sa mishi man goge baki."

Na ce, "Sani, ni ɗan masunta ne. Da yashin kogin Kwara innata ke goge tukunya har ka ga fuskarka."

Na ɗebo yashi mai laushi, na tankaɗe, na dirje faya-fayai takwas a gaban jama'a. Wallahi zanen ya ɓace. Na sa na farko, na'ura ta yi ƙugi ta ce babu faifai. Har na takwas haka.

Kawuna na garin Kende ya kwashe su, ya rataye a gonar shinkafarsa don korar tsuntsaye. Har yau in ya hango ni a kasuwar Lolo sai ya ɗaga murya: "Injiniya! Wanga aiki naka ya yi, tsuntsu ko guda bai sauka ba!"

Kuma gaskiya ya faɗa.