Shanyar Kaka Dija a kan Wayar Wuta

"...da gajiyar mota kuma? Shigo mana, mijin banza, wata uku ko goro ba aike," in ji Kaka Dija, tana tarbar jikanta Idrisa.

"Lahiya lau, amarya. Na ji an ce haƙorin da ya rage miki ma ya faɗi, shi ne na ce da me za ki tauna."

Shekaru kaɗan ke nan da samun 'yancin kai. Alhassan mai sayen gyaɗa ya kawo injin wuta gidansu a Gazawa, aka ja waya ta ratsa tsakar gida har ɗakin mahaifiyarsa Dija. Ɗansa Idrisa, wanda ke aikin haɗa wuta a Maradi, ya zo ganin gida ranar kasuwa da hantsi. Bai kai ga zama ba ya hangi zannuwa uku jiƙaƙƙu rataye a kan wayar, suna ɗiga.

"Tsohuwa, wa ya yi wannan shanyar?"

"Matarka. Ko kishi kake da igiyar da ubanka ya ɗaura mini?"

"Wannan ba igiya ba ce, kuran, wutar lantarki, ke bi ta cikinta."

"Kai tafi can! Wutar da ba hayaƙi ba toka? Na shekara sittin ina ɗaukar garwashi da hannu, tun uwarka ba ta san hanyar rijiya ba. Kuma sai magariba take zuwa. Da rana barci take, irin naka."

"Ranar da Baba ya tada inji da rana don baƙi su ji rediyo fa? Sallama za ta yi miki?"

"Inda ta ɗaye na naɗe da tsumma, na tofa mata addu'a."

"Tsumman da ruwan zanenki ya jiƙa. Amarya, wayonki ya tsufa ya bar ki."

"Ji ɗan nema! Ni na wanke maka kashi, yau kai ne malamina?"

Idrisa ya wuce rumfar inji ya zare wayar daga jikin injin, ya dawo ya sauke zannuwan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna bakin tabarmarta.

"Kaka," ya ce. Rabon da ya kira ta haka tun yana lakol, makarantar boko. "Watan jiya aka kira ni wani gida a Maradi. Wata matar aure, Batulu, ta gama wanki ba takalmi, ƙasa jiƙe, ta ɗora zane a kan waya irin wannan. Wayar ta riƙe ta. Ko ihu ba ta samu yi ba."

"Innalillahi! Ba kowa a gidan? Da ni ce da na fizgo ta."

"Abin da uwarta ta yi ke nan. Ta rungumo ta ta baya. Da na iso na yanke wutar, su biyu muka shimfiɗe. Jaririn Batulu yana ɗaki yana kuka, kwanansa hamsin."

Dija ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta dubi wayar.

"To uwa ta tsaya tana kallon ɗiyarta?"

"A'a. A ruga a kashe inji. In ya yi nisa, a samu busasshen icce a ture mutum da shi. Ban da hannu, ban da abu mai lema."

"Allah Ya jiƙansu. Yaran gidan nan har lilo suke da ita, ni ce ma ke ɗaga ƙaramar ta kama." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka ɗage ta sama, can inda ko raƙumi ba ya kaiwa."

"Yau ɗin nan, kafin la'asar. In kin tafi, wa zai aure ni da wannan hancin?"

"Babu, wallahi. Ni ma haƙuri nake." Ta yi 'yar dariya, ta jawo ƙwarya daga bayan ƙofa, ƙwan zabi bakwai a ciki. "Ungo. Na ɓoye wa saurayina ne, amma yau kai ka ci. Tashi ka nemo tsani."