Ranar Da Na Kai Ƙarar Kaina Wurin Shef

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Larabar da na shiga buron shef ɗinmu, wato ofishin shugaban sashenmu, da ƙafafuna, babu wanda ya kira ni, na zauna na tona wa kaina asiri tsaf. Har yau in abin ya faɗo mini a rai sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati a nan Yamai, sashen ajiye takardu. A shekarar aka ce za a tura mutum guda daga sashenmu ƙasar Gana ya yi horo na wata uku, da sharaɗin ya ɗan iya Ingilishi. Mu biyu ne muka sa ido a kan kujerar, ni da abokin aikina Laminu, wanda teburinsa ke kallon nawa. Ingilishina kuwa na tun ina ɗan lakwal ne, wato ɗan makarantar boko, bai wuce gaisuwa da sunayen ranakun mako ba (su ma in na kai ta tsakiya sai na yi tuntuɓe).

Sai na je a ɓoye na yi rajista a wata ƙaramar makarantar koyon harsuna a unguwar Koira Kano. Ajin bayan tashi daga aiki ya cika, saura na Talata da Alhamis, ƙarfe biyu da rabi, tsakiyar lokacin aiki ke nan. Ban nemi izini ba, don na san in na nema, kafin takardar ta kai hannun shef Laminu ya ji, shi ma ya ruga ya yi rajista. Na tsara dabarata. In an fita sallar azahar sai in bi ayari, in bar tabarauna a kan tebur, da fayil a buɗe, da biro a kansa kamar yanzun nan zan dawo. Ana sallamewa in zame ta bayan masallaci in hau moto, ɗan babur ɗina. In dawo daidai lokacin da ake fitowa daga la'asar, in shige cikin jama'a ina jan casbi. (Allah Ya yafe mini, na san wannan ba abin alfahari ba ne.)

Malamarmu, Madam Hadiza, mace ce mai fara'a. A watan nan babin fina-finai da zane-zane muke yi. Muna koyon yadda ake kiran ɗan wasa, da mai ba da umarni, da fim na ban dariya, da na ban tsoro, da mai zane, da gidan ajiye kayan tarihi. A gefe guda kuma tana koya mana yadda ake ba da labarin abin da ya wuce: jiya na je, jiya na gani, jiya na kalla. Ina jin daɗin karatun ƙwarai, har na fara yi wa matata burga a gida.

Mako na uku wani dattijo ya shigo ajin. Sunansa Baba Idi. Siriri ne, da furfura, da tsohuwar riga mai aljihu huɗu irin ta manyan ma'aikatan da. Ya zaɓi kujerar can ƙarshe a kusurwa, inda yake ganin kowa. Ban damu da shi ba sai da na lura kayensa, wato littafin rubutunsa, biyu ne. Ɗaya yana kan tebur, shi ne na karatu. Ɗayan ƙarami ne mai baƙin bango, a kan cinyarsa yake ajiye shi. Zai ɗago ya zuba wa mutum ido, ya sunkuya ya yi ta ƙarce-ƙarce, ya sake ɗagowa. In ka matso kusa sai ya rufe.

To, a daidai makon aka manna wata sanarwa a ma'aikatarmu, cewa za a fara bin sawun masu barin aiki ba izini, kuma masu binciken ba za su sanar da zuwansu ba. Ina karanta ta sai Baba Idi ya faɗo mini a rai. Na ce a raina, dattijo mai shekara kusan saba'in, me zai yi da sanin sunan fim na ban tsoro a Ingilishi? Wannan turo shi aka yi.

Daga ranar na daina fahimtar karatu. Madam tana rubutu a tablo, ni ina kallon Baba Idi ta wutsiyar ido, shi ma duk juyowar da zan yi sai mu haɗa ido. Na koma zuwa da hula a janye har gira. Na sayi takunkumi na ce mura nake yi, mura kuwa ta ƙi warkewa har mako uku. Ina ɗaga littafi in kare fuskata kamar mai tare rana.

Ran nan Madam ta ce mu zauna biyu-biyu mu yi wa juna tambayoyin da ke cikin littafi. Cikin mutum goma sha ɗaya, da wa za ta haɗa ni in ba shi ba. Ya gyara tabarau, ya soma karantowa a hankali da Ingilishinsa mai ɗingishi: ina ka je jiya, da wa kuka je, ƙarfe nawa ka bar wurin aiki. Tambayoyin suna nan a shafi baƙi da fari, ina ganinsu da idona, amma na ce lallai mutumin nan ƙwararre ne, ya san yadda ake fakewa da littafi. Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, albasa nake sayarwa. Mako na gaba aka sake haɗa mu, na manta, na ce masa direban taksi ne ni. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce da Hausa, "Ɗana, ɗan sauke takunkumin nan mana, ko sau ɗaya in gan ka da kyau."

Na ce, "Baba, likita ya hana."

Matata ta ce ruɗu ne kawai, tsoho ya zo neman ilimi na bi na tsangwame shi. Na ce mata ba ta san gwamnati ba. (Ni da na san ta, ga inda sanin ya kai ni.)

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne ranar wata Talata da safe. Na leƙa ta tagar buro sai ga Baba Idi a bakin ƙofar ma'aikatarmu, da rigarsa mai aljihu huɗu, yana magana da mai gadi, yana nuna bango, yana ƙarce-ƙarce a baƙin kayen nan. Na yi maza na janye daga tagar. Na ce shi ke nan, rapor ya kawo, rahoto a kaina. Ranar ko ajin ban je ba. Na wuni ina lissafi: in na jira aka kira ni, kora ce ko dakatarwa, in kuwa na riga su na kai kaina, wataƙila a dubi gaskiyata a sassauta, har tafiyar ma ta tsira.

Washegari da sassafe na ƙwanƙwasa ƙofar shef. Mutum ne mai sanyin magana, ɗan Damagaram, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Na ce, "Shef, na san rapor ya iso gare ka. Na zo in faɗi da bakina tun kafin ka kira ni."

Ya ajiye biro ya ce, "Ina jin ka."

Na zazzage masa komai. Makarantar, ranakun, moton da nake ɓoyewa bayan masallaci, har dabarar tabarau da fayil na yi masa bayani dalla-dalla kamar mai neman lambar yabo. Mako bakwai cur, na ƙirga masa. Yana ta kallona bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Wane rapor?"

Na ce, "Na dattijon da ya zo jiya."

"Mai fenti? Shi da muka kira ya sabunta mana rubutun allon ƙofa?" Ya cire tabaransa ya murza ido. "Ka san ni duk tsawon nan na ɗauka zama kake a masallaci tsakanin azahar da la'asar kana wuridi? Har na faɗa wa direkta muna da yaro mai ibada, irin wanda ya kamata a tura waje ba zai ba mu kunya ba. Sunanka na rubuta tun makon jiya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya jawo wata takarda daga cikin fayil, a gabana ya ja layi a kan sunana, ya rubuta na Laminu a sama. Ya ce in je sakatariya ta ba ni takardar neman bahasi, in amsa kafin jibi. Da zan fita ya ƙara da cewa, "Amma na gode da ka sanar da ni. Da ban taɓa sani ba."

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa har lokacin zuciyata ba ta saki tsohon ba, ina ganin ko mai fenti ne, ai ana iya ba mai fenti aikin leƙen asiri. Ranar Asabar aka yi bikin rufe babin, kowa zai tashi ya yi magana da Ingilishi a kan wani fim ko wani zane. Na je ba takunkumi, ba hula, da niyyar in ji ƙarshen zancen. Da aka kira Baba Idi ya fito da baƙin kayen, kafin ya buɗe baki na miƙe.

"Madam, kafin ya fara, a tambaye shi me yake rubutawa a kanmu a cikin kayen nan, kuma wa yake kai wa!"

Kowa ya juyo yana kallona. Baba Idi ya dube ni, ya dubi Madam, ya buɗe kayen ya ɗaga sama. Babu rubutu ko layi ɗaya. Fuskoki ne, zane da fensir. Ga Madam Hadiza tana dariya da alli a hannu. Ga wata 'yar jami'a ta tallabe kumatu. Ga wani tela ɗan unguwar Wadata yana gyangyaɗi, har bakinsa a buɗe. Kowa ya ga kansa ana ta shewa.

Da Ingilishinsa mai ɗingishi, yana yi yana cikawa da Hausa, ya yi bayani. A samartakarsa shi ke zana manyan allunan talla na gidajen silima a garin nan, da aka rufe su ya koma rubuta allon shaguna da na wanzamai a Wadata. Yanzu wasu baƙi suna so su nuna tsofaffin zanensa, shi kuma yana so ya yi musu bayani da bakinsa ba tare da tafinta ba. Kunya ce ta sa yake rufe kayen, don ba ya son a ga aiki kafin ya ƙare.

Sannan ya buɗe shafin ƙarshe. Hula ce a janye, da takunkumi, da littafi a tsaye, da ido guda ɗaya yana leƙowa ta gefe, ido mai cike da mugun nufi. Ban taɓa ganin zanen da ya yi kama da ni haka ba, alhali ko hancina babu a ciki.

"Wannan shi ya fi ba ni wahala," in ji shi. "Kuma ɗana, ka yafe mini, ni ma na zarge ka. Yau mai albasa, gobe direba, fuska a rufe, ido a kaina kullum. Na faɗa wa iyalina akwai ɗan sandan ciki a ajinmu, har sun ce in daina zuwa."

Aka fashe da dariya, tela har da buga tebur. Madam Hadiza ta share hawaye ta ce tunda na riga na miƙe, in ba aji labarin abin da ya faru da Ingilishi, a siffar abin da ya wuce. Na kuwa yi: na ji tsoro, na je, na faɗa, na rasa. Ta ce ban yi kuskure ko ɗaya ba, ta ba ni maki mafi yawa a ajin.

Laminu ya tafi Gana da Ingilishin da bai kai rabin nawa ba, ni na riƙe masa aikinsa wata uku. Abin da na koya shi ne, mai laifi ba ya bukatar a turo masa kowa, shi da kansa zai yi binciken, ya rubuta rapor, ya kai. Yanzu ko matata ce ta ce "zo mu yi magana", sai na bari ta gama tambayar tukuna kafin in fara ba da haƙuri.