Igiyar Rijiya Uku

A shekarun saba'in, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Yekuwa, ana ce mini Mushe kamar yadda ake kiran malaman lakwal, kaina cike da lissafi. Sai Kawu ya sayo doguwar igiya daga Magarya don rijiyoyi ukun da shanunmu ke sha. Ya ɗauko wuƙa zai yanka wa kowace rijiya tata, na karɓe wuƙar daga hannunsa.

"Kawu, bar aikin ido. Nawa ne zurfinsu?"

"Gaba takwas, gaba goma, ta tudu kuma sha takwas."

Na tara, na raba uku, na shelanta matsakaicin zurfi: gaba sha biyu. Na yanka igiyar gida uku daidai wa daida.

A rijiyar farko guga ya fito cike fal, ta biyu ma haka. Mata suka rangaɗa guɗa, ina taku kamar ni na haƙa su.

A ta tudu guga ya tsaya yana lilo, shanu suna kuka. Kawu ya leƙa.

"Mushe, yi wa ruwan bayani, ko ya taso."

Har gobe ina kan bakana: lissafina daidai ne, rijiyar ce ba ta shiga lakwal ba. Aka ƙuƙƙulla guntaye aka shayar da shanu. Amma har yau, in aka ga ƙulli a jikin igiya, sai a ce, "Mushe ya bi ta nan."