Rasuwar Kujerar Malam Toma a Hannun Surukinsa

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin cikin zafi wanda ba za mu ɓoye muku ba, iyalan Malam Toma Kafinta na Sabon Garin Zariya suna sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan sana'a rasuwar uwarsu kuma madogararsu, Kujerar Maɗaci, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 2006, a wani ɗakin haya a Samaru, tana da shekara hamsin da takwas, lafiyarta ƙalau, ba ciwon ƙafa ba ciwon baya. A irin wannan takarda an saba cewa ajali ne ya zo. To, wannan ajalin da ƙafarsa ya shigo, ya durƙusa ya gaida masu gida, har ruwa aka ba shi ya sha.

Mahaifin Malam Toma ne ya sassaƙa marigayiyar da gizago, a shekarar da aka haifi Toman. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, babu ɗigon gam. Sanduna ne kawai suka shiga cikin ƙafafunta suka zauna daram, kuma a shekara hamsin da takwas ba wanda ya taɓa iya zare ɗaya, duk da ƙartin da suka gwada. Ita ce littafin Malam Toma, tunda shi bai yi boko ba. Duk kujerar da ya yi a duniya, a jikinta ya auna ta, da taƙi da ido da tafin hannu.

Halinta kuwa, sai dai a yi shiru. Ta ɗauki fastoci, ta ɗauki masu zuwa biko, ta ɗauki wani ɗan kasuwa da sai da ya shigo shagon a karkace, ba ta taɓa kayar da kowa ba. Idan maigida ya zauna da safe takan ce "ƙiii", gaisuwarta ke nan, sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Idan baƙo ya daɗe yana gulma sai ta fara "ƙyas, ƙyas", har ya ji kunya ya tashi. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan Malam Toma yana buɗe shago yana kasa kunne, ba mai gaishe shi.

Yanzu sai maganar wanda ya yi aika-aikar. Al'ada ta hana Malam Toma kama sunansa, don mijin 'yarsa ta fari ne, Happiness. Amma al'adar ba ta hana mai rubuta wannan takarda ba, wanda maƙwabci ne kawai kuma ba ya cin tuwon gidan kowa. Sunansa Eric. Eric, da manyan baƙaƙe. Ɗalibi ne a jami'ar da ke Samaru, yana digiri na biyu a fannin zanen kayan ɗaki, yana da kwamfuta mai zana kujera ta juya ta sama da ƙasa a kan gilashi, kamar ana gasa kaza.

Ya zo ran wata Lahadi bayan an tashi daga coci, kansa a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Baba, kwana uku kacal. Zan sa ta a kwamfuta ne, duniya ta san aikin kaka. Ko ƙwarzane ba za ta samu ba." Malam Toma bai so ba. Ransa ya ba shi kada ya bayar. Amma ta yaya mutum zai dubi surukinsa ya ce a'a a kan kujera? Da hannunsa ya naɗe ta da tsohon bargo, da hannunsa ya ɗaure ta a bayan ɗan acaɓa, ya tsaya bakin titi yana kallo har suka sha kwana.

Ga yadda jinyar ta kasance, kamar yadda Happiness ta ba da labari tana kuka. Rana ta farko an auna marigayiya da tef, an ɗauke ta hoto ta gaba da ta baya. Rana ta biyu ta bayyana a kwamfuta, kyakkyawa, har abokai suna tafi. Rana ta uku malamin Eric ya duba ya ce zanen bai cika ba, sai an nuna yadda sanda ta kama ƙafa daga ciki, tunda ba ƙusa ba gam. Jama'a, ku saurara da kyau. Mutumin da ya san amsar nan yana zaune a Sabon Gari, mota ɗaya ce daga Samaru, kuma ya yi irin wannan haɗin ya fi sau dubu. Eric bai hau motar ba. Zarto ya aro.

Ya yanka ƙafa ta farko a tsaye, ya leƙa. Sai ya ga kan sandar da ke ciki ya fi bakin ramin girma nesa ba kusa ba. Ya shigar da awon a kwamfuta, kwamfuta ta ce ba zai yiwu ba, babban abu ba ya shiga ƙaramin rami. Mai hankali a nan zai ajiye zarto ya yi kuka. Shi kuwa gogan naku cewa ya yi wataƙila kuskuren kaka ne a ƙafa ɗaya, bari a duba ta biyu. Ta biyu ma haka. Ta uku haka. Da ya kai ta huɗu, wallahi ko a mahauta an fi haka tausayi. Ba mu san kukan da ta yi a ƙarshe ba, don ba nata ko ɗaya a wurin.

A cikin buhun taki aka dawo da ita. Da Mama Winifred, matar Malam Toma, ta tare shi a zaure ta ce, "Kai Eric, bakinka ciwo yake? Me ya hana ka tambayi Baba?" sai ya ce, "Mama, kunyarsa nake ji." Kunya! Kunyar buɗe baki ta kama shi, amma ta ɗaukar zarto ba ta kama shi ba. Mu dai mun san sunan abin, kuma ba kunya ba ne. Mai digiri ne ba zai tambayi wanda ba ya iya rubuta sunansa ba. Wannan shi ne abin da ke cin Malam Toma fiye da katakon. Amma suruki ba a zaginsa. Ya buɗe buhun, ya jera guntayen a ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki wanda tafin hannun mahaifinsa ya goge har ya yi sheƙi, ya shiga ɗaki da shi. Ranar ko abinci bai ci ba.

Marigayiyar ta bar 'ya'ya sama da ɗari uku, a coci-coci da zaurukan Sabon Gari, da unguwar Jama'a, har Shika, dukansu a tsaye da ƙafafunsu. Ta bar ƙanwarta, 'yar kujerar tsakar gida ta Mama Winifred, wadda yanzu ake sa mata kwaɗo a ɗaki duk ranar da aka ji mai laifin zai zo. Ta bar maraya ɗaya mai furfura. Iyalan suna godiya ga Chuks mai kayan roba da ya aiko da farar kujera don a rage zafi, suna kuma roƙonsa ya aiko a ɗauke abarsa tun ba a huce a kanta ba. Hoton da ke juyi a kwamfuta kuwa, iyalan ba su san shi ba, ba ɗansu ba ne, kada kowa ya yi masa ta'aziyya.

An kuma samu labari cewa ranar Litinin mai zuwa Eric zai tsaya gaban malamansa ya kare aikinsa, kuma tambayar farko da za su yi masa ita ce yadda babban kai ya shiga ƙaramin rami. Idan ba amsa, ba digiri. Sau uku yana aiko Happiness da lemo da ban haƙuri. An karɓi lemon.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ashirin da biyar ga wata, da ƙarfe goma na safe, a bayan shagon Malam Toma. Ba za a ƙone ta ba, kuma duk wanda ya zo da niyyar tsintar itacen girki ya tsaya a gidansa. Za a kai gawar unguwar Kwangila, Eric ne zai ɗauko ta a ka tun daga can, a ƙasa, sanye da kwat ɗin da ya ɗinka don ranar Litinin. Masu makoki su yi haƙuri, a tsaye za a yi komai, don girmama wadda ta sha ɗaukar mutane.

Bayan addu'a, kafin a mayar da ƙasa, za a ba mai laifin dama ɗaya. Zai durƙusa a bakin ramin, gaban kafintocin layin kaf, ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun farko, da Hausa, da ƙarfi yadda na baya za su ji. Malam Toma ya yi alkawari zai amsa, kuma shi ba ya saɓa alkawari. Zai sunkuya ya raɗa amsar duka, tiryan-tiryan, a kunnen 'yarsa Happiness, wadda tun jiya ta dafa Littafi Mai Tsarki gaban iyayenta ta rantse ba za ta faɗa wa mijinta ba, ko a farke ko cikin magagin barci.

Daga nan sai a rufe kabari, a raba kunu. Shi kuma Eric ya kama hannun matarsa su koma Samaru, Allah ya ba su zaman lafiya da tsawon rai, ya yi ta kallon bakinta har tsufa.

Sanarwa daga iyalan Malam Toma Kafinta, Sabon Gari, Zariya.