Fallen Kwano a Hanyar Birmingham

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikanyata ba, kuma ko ni na so in manta, jama'ar masallacinmu na unguwar Levenshulme a Manchester ba za su bari ba. Har yau in gari ya ɗan yi duhu sai wani ya zungure ni bayan sallama, ya ce, "Baba Sidi, yau ba fita aiki?"

Bari in fara da ciwon da ke damuna. A Zangon Kumasi aka haife ni. Boko kuwa leƙa shi kawai na yi, na hango malamin da bulala, na juyo abina. Tuƙi na koya, shi ya kawo ni Manchester, shi na yi har gemu ya yi fari. Garin nan bai rage ni da komai ba sai abu ɗaya: ba su da hadari. Ruwa dai kullum ana yi, amma wani irin yayyafi ne marar zuciya, kamar na mai fesa wa kaya ruwa kafin guga. Ba ka ganin gabas ta yi baƙi ƙirin, ba iskar nan mai kwashe wa mata shanya, ba tsawar da za ta sa tantiri ya tuna da salati. Rufin gidajensu ma bebe ne. A kwana ana ruwa a kanka, sai da safe ka gani a titi.

Ni da matata marigayiya Hauwa a ɗaki ɗaya muka fara zama can Kumasi, mai rufin kwano. In ruwa ya kece, ba ka jin maganar wanda ke gefenka. Sai mu jera robobi a inda yake yoyo, mu zauna bakin gado, tana magana ina kallon bakinta ina gyaɗa kai. (Sai da muka tsufa ta gaya mini a lokacin ne take zazzage mini laifuffukana kaf, ni kuwa ina ta cewa "haka ne".) Tun da ta rasu, ba abin da kunnena ke nema kamar wannan ƙarar.

Shi ya sa ranar da na ga maƙwabcina yana rushe rumfar bayan gidansa, na roƙe shi falle ɗaya na kwano, na kwantar da kujerun baya na motata na zura shi. Za ka ce ai rufin mota ma ƙarfe ne. Na gwada. Sun lulluɓe shi da soso ta ciki, muryarsa ba ta fita. Daga nan na ɗauki sabuwar sana'a. Duk ranar da masu hasashen yanayi na talabijin suka ɓata fuska suka ce a zauna a gida, tsawa na tafe, ni ranar ce sallata. In bi baƙin girgije har bayan gari, in jingina kwanona, in shige ƙarƙashi.

Sau ɗaya sanyi ya kama mini ƙirji har likitan unguwa ya tura ni asibiti, a nan 'yata Zainabu ta gano. Abu nake ce mata. Tana aure a unguwar Selly Oak ta Birmingham, mijinta Nura Bakano ne mai karatu a jami'a, yaro mai kunya. Wata rana na je duba ta da tsohon ciki, muna cin abinci sai Nura ya ɗago daga wayarsa.

"Baba, ka ga a wata jiha a Amurka ana son yin doka a kan masu bin guguwa. Wai a ba ma'aikatan talabijin da na jami'a lasisi su riƙa wucewa gaba. 'Yan talabijin na cewa 'yan sha'awa suna cika musu hanya, su kuma 'yan sha'awa suna cewa so ake a kore su."

Na ajiye cokali. "Tsaya. Wato a duniya akwai irina?"

"Da yawa, Baba."

"Kuma hadarin ma sai da lasisi? Na uban wa ne?"

Abu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Su can suna ta muhawara. A gidan nan an riga an sa hannu. Baba, ka sake bin hadari sau ɗaya, makullin motar nan ya dawo jakata. I mean it."

Wanda bai yi rayuwarsa a bayan sitiyari ba ba zai gane ba. Karɓe mini makulli daidai yake da a cire mini ƙafafu a rataye a ƙusa. Na yi alkawari har da dafa ƙirji. (Kwanon dai ban fitar da shi daga mota ba. Alkawarin bai ambaci kwano ba.)

Allah ya sauke ta lafiya, mace. Nura ya kira ni a waya, murya ƙasa ƙasa, ya ce sunan Hauwa za a sa. Sai na ƙirƙiro tari.

Ranar suna na caɓa ado, babbar riga fara mai aiki, na ɗauko goro da dabinon da za a raba a walimar la'asar, na hau motorway, babbar hanyar Birmingham. Rani ne, an kwana biyu ana wani zafi mai danƙo. Na wuce Stafford ke nan sai na hango shi ta hagu. Hadari na gaske, baƙi, mai gindi har ƙasa, walƙiya na tsaga cikinsa. Rabona da irinsa tun Kumasi. Na sauke gilashi, iska ta kawo mini ƙamshin ƙasa. Na ce wa kaina, Sidi, kai dattijo ne, ka yi alkawari. Ina cikin yi wa kaina wannan wa'azin na ga hannuna ya riga ya kunna sigina.

Na bi ƙananan hanyoyi har kan wani tudu mai kallon gonaki. Wuri ɗaya ne mota za ta iya rakuɓewa, kuma na tarar an riga ni. Farar motar 'yan talabijin mai faifai a ka, mutum da kamara a kan ƙafafu uku, wani dogo da abin sauraro a kunne, sai wata budurwa cikin jar rigar ruwa tana gyara gashi. Na san ta. Ita ce mai ce wa hadari "mummunan yanayi" kullum da yamma, kamar ya taɓa cin mata wani abu.

Na tsaya a bayansu kaɗan, na buɗe ƙofa, na ɗora kwanona, gefe ɗaya a kan ƙofar mota, ɗayan a kan shingen gona. Dogon ya taho da sauri. Da Turanci muka yi, nawa irin na direbobi.

"Yallaɓai, aiki muke yi a nan. Ka matsa gaba."

"Ni ma aiki nake."

"Wane aiki? Irinku ne ke tare hanya, in abu ya faru a ce a zo a cece ku. Ga ƙarfe ka kafa ana walƙiya."

Sai shaiɗancina ya motsa. Na gyara hula, na miƙa masa tafin hannu. "Ina lasisinku na bin hadari?"

Ya yi turus. "Babu wani lasisi irin wannan."

"To ni ma irin naka gare ni. Nan ba Amurka ba ce."

Kafin ya sami amsa budurwar ta kira shi, lokacinsu ya yi. Ruwa kuwa ya sauko gaba ɗaya.

Na shige ƙarƙashin kwano na tsuguna, na tattare babbar riga a cinya. Jama'a, ƙarar nan. Ita ce sak. Tudun ya ɓace, Ingila ta ɓace, ga ni a bakin gado, robobi na cika. Na rufe ido na ce, "Hauwa, an yi miki takwara." Na ba ta labarin Abu, da hancin jaririyar, da yadda har yau ban iya dafa shinkafa ba ta caɓe ba. Na yi shiru na ba ta nata lokacin, ina gyaɗa kai ina cewa "haka ne". Na hango dogon yana ta yi mini alama da hannu, ƙarar kwanona ta cika masa kunne. Na ɗaga masa hannu irin na manya.

Waya ta yi ta motsi a aljihu. Abu ce. Na jira ruwan ya ɗan sassauta, na ɗauka.

"Baba, kana ina? Liman ya iso, kai ake jira."

"Wallahi..." Na haɗiye rantsuwar, da sauran tsoron Allah. "Motorway ce ta cushe, 'yar nan. Ko motsi ba ma yi."

"Kana cikin mota yanzu?"

"Ina ciki, har da bel."

"Wannan ƙarar fa?"

"Wata babbar mota ce a gefena, injinta ya tsufa."

Sai na ji wani abu: ƙarar kwanona tana fitowa daga cikin wayar, daga can falonsu, haɗe da dariyar maza da ake ƙoƙarin dannewa.

"Baba," in ji Abu a hankali, "ɗago hannu ka gaisa da baƙi. Nura ya kunna labarai ne mu ga ko an rufe hanya."

Na waiwaya. Kamarar ni take kallo. Budurwar ta matsa gefe, tana nuna ni da tafin hannu kamar yadda take nuna taswira, tana gaya wa duk mutanen yankin cewa wannan shi ne ainihin abin da ba a so kowa ya yi. Kuma don Allah ka san abin da na yi? Na ɗaga hannun.

Na isa Selly Oak sharkaf, aikin babbar riga ya zuba a farin yadi, goro kaɗai ya ji daɗin tafiyar. Liman ya rungume ni, kafaɗunsa na rawa don dariya, ya ce, "Alhaji, ya cunkoso?" Nura ya kasa haɗa ido da ni, kunyata shi ta kama.

Abu tana ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tafin hannu ta buɗe, irin yadda na buɗe wa dogon. Na ciro makullin na sa mata. Ta jefa a jaka ta ja zif. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Mun ga bakinka yana motsi kafin in kira. Me kake gaya mata?"

"Na ce an yi mata takwara."

"Me ta ce?"

"Ban ji ba. Ruwa ya yi ƙarfi."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗauko jaririyar ta ɗora mini a kan jiƙaƙƙiyar rigata.

Makulli dai bai dawo ba, jirgin ƙasa nake hawa yanzu kamar ɗan makaranta. Amma bayan sati biyu Nura ya zo Levenshulme da guduma, ya kafa mini fallen kwanon a saman ƙofar baya, ya ce umarni ne daga sama. Darasin da na koya shi ne, dokar majalisa tana iya shekara ana jayayya a kanta, ta 'yarka kuwa ranar da aka karya ta ake hukunci. Sannan in za ka yi ƙarya, ka fara waiwayawa.

Yanzu in an fara yayyafin nan nasu sai in ja kujera in zauna a ƙarƙashi. Ƙarar ba ta da ƙarfi, ɗis, ɗis, kamar kaza na tsattsagar tire. Da Hauwa na nan, a irin wannan ruwan duk laifin da ta lissafa sai na ji shi tas. Ni kuwa da na zauna na saurara har ta gama.