Sandar da Ta Ba da Shaida a Kan Kanta

Da zuciya mai nauyi, da hannun da har yanzu bai rabu da warin mai ba, nake sanar da direbobi da masu lodi da makanikai, da duk wanda ya taɓa shigowa harabar kamfanin katifa da safe ya tarar da ni tsugune a gefen tanki, cewa Sandar Awo ta riga mu. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, a hannuna, daidai lokacin da motar dizal ta ƙarshe ta fita aka mayar da ƙyaure. Shekarunta ashirin da shida a bakin aiki. Shekarun da ta yi tana bishiya kuwa, ba wanda ya sani.

Asalin marigayiyar sandar labule ce a ɗakin mahaifiyar mai gida. Ranar da allurar mai ta motarmu ta farko ta daina motsi, mai gida ya zaro ta ya miƙo mini, ya ce daga yau ni ne allura. Ni na yi mata tsaga da wuƙa, ina zuba mai da galan ina tsagawa, kowace tsaga lita biyar. Motoci suka zama biyar, allurarsu duk ta mutu ɗaya bayan ɗaya, ba a gyara ko guda ba, don an ga akwai mu. Aikina ke nan tun daga lokacin. Kafin mota ta fita in tsoma, in ta dawo in tsoma, in faɗa wa ofis abin da hanya ta sha.

Ba ta da yawan magana. In tanki ya cika, takan ce tsulum, sannan dum idan ta taɓa ƙasa. In tanki ya zama fanko, sai ta ce ƙwal. Direban da ya ji ƙwal a inda ya kamata a ji dum, tun kafin a tambaye shi yake fara ba da labarin cunkoson hanya. Ba ta taɓa karɓar na goro ba, ba ta taɓa neman hutu ba. Dogo, babban direbanmu, ya sha cewa da ana ba sanda mulki da ƙasa ta gyaru. Tana kuma da wata baiwa da ni kaɗai na sani: in na ɗiga ɗigonta na ƙarshe a kududdufin gindin famfo, sai bakan gizo ya buɗe a kan ruwan. Na yi shekaru ina ƙirga launukan, ban taɓa samun adadi ɗaya sau biyu ba.

Ciwon ajalinta daga kalma ɗaya ya faro. Mu da muka tsufa a wannan aiki, gas muke ce wa dizal, haka muka tarar ana faɗa. To ranar da Manaja, ’yar mai gida, ta tara mu ta ce tana so kamfani ya koma gas don a rage tsadar hanya, ni na fara tafawa. A raina na ce yarinyar nan ta yi karatu mai nisa, ga shi ta dawo inda muke zaune. Ta ce mahaifinta ya ƙi yarda da lissafin na’urarta, ya ce sai abin da sanda ta faɗa. Don haka ta roƙe ni in auna mata abin da motocin dizal ke sha na wata guda, kada in tsallake ko rana ɗaya. Na ce ko wata uku ne.

Bayan kwana biyu aka kawo wata farar mota ta gwaji, da wani tulun ƙarfe kwance a ƙarƙashinta. Na ɗauki marigayiyar muka zagaya motar sau uku muna neman inda za mu shiga. Makanike yana kallonmu har dariya ta zaunar da shi.

“Baba, wannan ba ta buɗe baki,” in ji shi. “Iskar gas ce. In ka buɗe, abin da ke ciki ya gudu.”

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wai abin nan ruwa ne a cikin tulu, amma iska ne a waje. Wai ba a cika masa tulu taf, takwas cikin goma ake zubawa, a bar masa wurin numfashi. Wai ko warin da ake ji ba nasa ba ne, aro aka yi masa don a gane in ya tsere. Ni mutum ne mai son abin mamaki, wannan ne aibina. Kwana uku ina tare mutane a ƙofa ina ba su labarin man da yake numfashi, har da mai sayar da lemo. Ban taɓa tambayar kaina me sanda za ta yi a gidan da babu tankin tsomawa ba.

Dogo ne ya ja ni bayan tulin katifu ya farkar da ni.

“Baba, da sandarka ake haƙa mata kabari, kai kuma kana riƙe da ƙota. In motocin nan suka tafi, me za ka tsoma? Karkata ta kaɗan a tanki, jiƙa ta hau sama, a ce dizal ba ya shan komai.”

Ba zan ɓoye ba, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: na gwada. Washegari da yamma na tsoma ta a karkace. Ta goga jikin tanki ta ce ƙiii, wani kuka da ban taɓa ji daga gare ta ba, kamar tsohuwar da aka taka wa ƙafa a cikin taro. Na zaro ta, jiƙa ta hau da tsaga guda cur. Na tsaya ina kallonta. Sai na goge ta da tsumma, na mayar a miƙe. Ba ina cewa ni mutumin kirki ba ne. Hannuna ne bai koyi wata hanyar ba.

Da wata ya cika aka kira mu ofishin mai gida, ni da ita. Manaja ta karanta cewa a hanya iri ɗaya, inda motar dizal ta sha lita takwas, farar mota ta sha goma sha ɗaya. Na ji sanyi a raina, na ce ashe baƙuwar haɗamammiya ce. Sai ta ƙara da cewa kuɗin lita ɗaya na dizal ya kusa sayen biyu na iska. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur. Na sake farawa daga ɗaya hannun ko za a samu sauƙi, amsar ba ta canza ba. Na yi ta maza na ce ai dizal ƙarfi gare shi, shi ke jan kaya a hawa ba ya haki.

“Baba,” in ji Manaja a hankali, “katifa muke ɗauka.”

Mai gida ya miƙo hannu na ba shi sandar. Ya juya ta, ya shafa tsagogin da babban yatsa, har ya ɗan shinshina. Ya tambaye ni ko ta taɓa yi mana ƙarya. Na ce a’a. Ya ɗauki biro ya sa hannu.

Daga nan jinya ta fara. Aka sayar da motoci ɗaya bayan ɗaya, fararen suna shigowa, kowace da allurarta mai rai. Marigayiyar ta soma bushewa daga sama, baƙinta mai sheƙi ya koma toka-toka. Na riƙa jiƙa ta a ragowar mai na cikin galan, amma shan galan ba aiki ba ne, ita ma ta sani. Ranar Alhamis na tsoma ta a motar ƙarshe, ko da yake ba wanda ya nemi awon. Ta ce dum. Na roƙi mai sayen motar ya tafi da ita kyauta, ya yi godiya, ya ce ai gobe zai sa a gyara allurar.

Ta rasu ta bar tsumman gogewa, da mazurari mai lanƙwasasshen baki, da galan ɗaya wanda masu wanki suka riga suka sa wa ido. Ta kuma bar ni. Manaja ta ce in ci gaba da zuwa har Asabar, ƙarshen wata, tana tunanin inda za a sa ni. Na yarda tana tunanin. Amma tun ranar mai gadin ƙofa ya daina tashi daga kujerarsa ko ruwa zai sha, kada ya dawo ya tarar an ba ni ita.

An yi shawara a kan makwancinta. Manaja ta ce a rataye ta a bangon ofis, na ce wadda ta yi shekara ashirin da shida tana aiki ba za ta koma kallon masu aiki ba. Dogo ya ce a ƙone ta cikin mutunci, tunda ta sha man da zai sa ta ci da kyau. Wannan ya kwanta mini, na kai ta gida na ce wa mai ɗakina ta sa ta a murhu.

“Malam, wane murhu? Shekara huɗu ke nan da gas muke girki. Kai kake kai tulun a cika.”

Na leƙa kicin, ga shi nan a lungu, shuɗi, ya yi shiru. Ashe ya daɗe a gidana, ni nake saɓo shi a kafaɗa. Ɗaki kuwa ta ce sandar ba za ta shiga ba, warin da nake kawowa a riga ya ishe ta.

Saboda haka ga yadda za a yi. Za a taru ranar Asabar bayan tashi daga aiki, a gindin famfo. Ba za a yi mata salla ba, sanda ce, na sani, ban zare ba. Wanda yake da ragowar dizal ko cokali ɗaya ne ya zo da shi, a ɗiga a kududdufi mu ƙirga launuka tare. Masu shan taba su tsaya nesa. Manaja ta ce a kai mu gida a farar mota, na gode mata, amma da ƙafa za mu tafi. Gwiwata ta hagu ta daɗe tana ciwo, tsawon marigayiyar kuma ya zo daidai hannuna, don haka ba sai an nemi masu ɗauka ba, ita za ta ɗauke ni.

Na gwada ta jiya a kan simintin tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa zaure. Duk taku ɗaya, ƙwal take cewa.