Birki Mai Hon a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukina gaisuwar mutuwa Runka ba, ko da tsufa ya sa na manta sunan 'ya'yana. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kama kaina in yi ta mari.

Ni dai sana'ata cajin waya a Batsari. Soket talatin ne a shagona (to, sha biyu ne, amma in ka haɗa da matattun sun kai talatin), saboda haka a ganina duk abin da ke aiki da wuta a duniyar nan ƙanena ne.

Baba kuwa, mahaifin matata, mutumin Zakka, dattijo ne wanda ko tari zai yi sai ya nemi izini. Shekara huɗu ina lallaɓa shi ya daina kallona a matsayin “yaron nan mai surutu”, kuma na fara samun kansa. Ran nan ya zo duba jikokinsa ya kwana wurinmu. Da safe ya nuna mini mashin ɗinsa, ya ce fitila ta mutu, hon ya mutu, fis uku ya saka duk sun ƙone.

“Malam, ka kai shi wurin masu wayarin. In an yi azahar ka kai ni Runka, aminina ya rasu.”

Na tura mashin har wurin Sale mai wayarin. Mutumin nan ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce in jingine shi sai bayan la'asar. Na ce, “Haba Sale, na surukina ne fa.” Ya ce, “Ko na surukin gwamna ne. Ai kai ma injiniya ne, soka masa caja mana.” 'Yan zaman banzan da ke wurin suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci har kunnena na zafi. Na ce masa abin da yake yi a wuni ni a minti goma zan yi, na ja mashin na koma shago ina huci.

Na cire kujerar mashin. Wayoyi kamar taliyar da aka bar wa kaji, duk ƙura ta mai da su kala ɗaya. Fis ya yi baƙi. Na ce wannan ɗan raggon ne ke ba mutane wahala, abu kaɗan ya ƙone. Na jefar da shi, na murɗa wayar caja mai kauri a gurbinsa. Kusa da rile, ɗan akwatin nan da ke tura wa hon wuta, na ga waya biyu suna lilo, na ce Allah sarki, 'yan uwa ne aka raba, na haɗa su na naɗe da salatif. Fitila ta kawo. Hon ya yi kuka kamar na tirela. Birki ne kawai ban taka ba, don wane mahaukaci ne ke gwada birki mashin na tsaye?

Baba ya hau baya, ya tattara babbar rigarsa fara sol. Muna fita gari na taka birki saboda rami, sai hon ya ce ɓaaam. Na yi kamar da gangan ne, har na ɗaga wa wani da ban sani ba hannu. Rami na biyu, ɓaaam. Baba ya ce, “Malam, wa kake wa?” Na ce awaki. Babu ko akuya ɗaya a hanyar. Ashe wayar fitilar birki na aura wa hon. Daga nan har Runka ban sake taka birki ba, kowane rami da bayan Baba muka auna zurfinsa.

Gidan makokin a gangare yake. Tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, dattawa sun cika, liman ya ɗaga hannu ana tsakiyar addu'a. Ga zaɓin da ke gabana: in taka birki in tashi unguwa, ko in ƙi takawa in hau kan liman. Na taka. Wannan karon hon bai saki ba, rile ya manne. Na kashe makulli, yana yi. Na zare makullin na riƙe a hannu ina nuna wa hon ɗin, yana yi. Ka san mutanenmu yanzu, saboda 'yan bindiga ƙarar mashin ba ta wasa ba ce. Kafin a shafa fatiha rabin tabarma ta watse, wani tsoho da aka ce shekara biyu da sanda yake tafiya ya tsallake katanga.

Sai na ji ƙauri. Da fis na nan, da ya ƙone ya rufa mini asiri, amma wayar cajata jaruma ce, ta tsaya sai da ta kama da wuta. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin rigar Baba. Dattijon da ban taɓa ganin ya yi sauri ba ya dire yana kakkaɓe mazaunai gaban jama'a. Ƙanen mamacin ne ya zo ya fizge kan batir, aka samu shiru irin wanda ya fi hon ciwo.

Liman ya nemo takalminsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Alhaji, wannan fa?”

Baba ya gyara hularsa. Ko inda nake bai kalla ba. “Ɗan acaba ne na ɗauko a hanya.”

Haka na tsugunna gefe kamar baƙon kare, har wani ya tambaye ni nawa zan kai shi Safana.

Yanzu in Baba zai aiko saƙo, cewa yake a gaishe da yara da uwarsu, ni ko a cikin “da sauransu” ba na ciki. Abin da na koya shi ne, fis in ya ƙone ba raggo ba ne, gaskiya yake faɗa maka. In ka toshe masa baki, hon zai faɗe ta, kuma shi ba ya zaɓen wuri.